Hauren Giwar Talaka: Yadda Kayan Kwalliyar Roba na Farko Suka Kai Gidajen Tarihi

A shagunan sayar da kayan da na Ingila da Amurka akwai wani ɗan gwangwani da ke yawan rikita matasan masu saye. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, launinsa fari ne mai sirkin rawaya irin na hauren giwa, murfinsa kuma yana da huda a tsakiya daidai shigar yatsa. Wani ya ce na hoda ne, wani ya ce asusu ne. Ba ko ɗaya. Ma'ajiyar gashi ce. Baturiyar ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, idan ta gama taje kanta da dare, takan tsince gashin da ya maƙale a buroshi, ta naɗe shi a yatsa, ta tura ta wannan huda. In ya taru sai ta dunƙule shi ta yi acuci, ta cusa a ƙarƙashin gyaran kanta domin ya yi tudu, kamar yadda ake yayi a lokacin.

Gwangwanin ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ɗaya ne daga cikin jerin kayan da mace ke shimfiɗawa a kan teburin kwalliyarta: madubin hannu, buroshi, mataji, tire, gwangwanin hoda, abin goge farce, ƙugiyar ɓalla maɓallan takalmi, cokalin sa takalmi, mazubin dogayen alluran da ake soke hula da su, wani lokaci har da ɗan agogo da firam ɗin hoto. Duka launi ɗaya, zubi ɗaya. Wanda ya gani daga nesa zai rantse hauren giwa ne, alhali roba ce, kakar robar da ta cika mana gidaje da kwatoci a yau. Waɗannan kaya, da aka ƙera don macen da ba ta da kuɗin sayen na gaske, su ne yanzu masu tara kayan tarihi ke bi gwanjo-gwanjo suna nema, gidajen tarihi kuma na sa su a bayan gilashi.

Giwa, kunkuru da auduga

Kafin roba, kayan gaban madubi na masu hali da abu uku ake yin su: azurfa, hauren giwa da ɓawon kunkurun teku. Wanda bai kai nan ba ya yi da ƙaho, ƙashi ko itace. Haure galibi daga Afirka yake zuwa. Mafi yawansa ta gabar gabas yake fita, ta Zanzibar, amma ayarin da ke tashi daga Kano ya keta Sahara zuwa Tarabulus shi ma ya sha ɗaukar haure tare da gashin jimina da fatu. A can Turai da Amurka ana yanka shi a yi madannan piyano, ƙotar wuƙa, mataji da ƙwallon biliyad, wasan da ya yi kama da sinuka. Buƙata ta yi ta hawa, farashi ya bi ta, masu masana'antu suka fara fargabar ranar da haure zai gagara.

Wanda ya fara kawo abin da zai maye gurbi shi ne Alexander Parkes, mutumin Birmingham. A babban baje kolin duniya da aka yi a Landan a 1862 ya nuna mataji da ƙotoci da lambobi da ya yi da wani sabon abu da ya raɗa wa suna Parkesine, har aka ba shi lambar tagulla. Asalin abin auduga ce da aka jiƙa a asid mai ƙarfi har ta sauya hali, sannan aka narkar da ita ta zama ƙullun da za a iya murzawa a zuba a ma'auni. Parkes gwanin ƙirƙira ne, amma kasuwanci ya fi ƙarfinsa. Kamfanin da ya kafa a 1866 ya durƙushe a 1868, domin neman araha ya sa kayan suna lanƙwashewa suna tsagewa a hannun masu saye. Abokin aikinsa Daniel Spill ya ci gaba da sana'ar da sunan Xylonite.

A Amurka kuwa wani ma'aikacin ɗab'i ne a garin Albany, John Wesley Hyatt, ya shiga neman kyautar dala 10,000 da kamfanin Phelan da Collender ya sa wa duk wanda ya samo madadin haure don ƙwallon biliyad. A cikin wannan nema ya gano sirrin da ya sa abin ya tsaya da ƙafafunsa: haɗa audugar da kafur, a dumama, a matse da ƙarfi. Ya yi rajistar fasahar a 1870, ɗan'uwansa Isaiah ya sa wa abin suna Celluloid, wato seluloyid, suka kafa masana'anta a Newark. Spill ya kai Hyatt kotu, aka yi shekaru ana shari'a, daga ƙarshe alƙali ya ce ai Parkes ya riga su duka biyun.

Kafur ɗin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Daga itace ake tatsarsa, kuma babbar matattarar itacen a lokacin ita ce tsibirin Taiwan. Bayan Japan ta karɓe tsibirin a 1895 sai ta mayar da cinikin kafur na gwamnati ita kaɗai. Sarar itatuwan ta kai ma'aikata da sojoji cikin dazukan 'yan asalin tsibirin, aka yi ta zubar da jini. Saboda haka matajin da ake yabo da cewa ya hutar da giwa shi ma yana da nasa alhakin a wuya. Ita giwar ma ba ta huta ba. An ci gaba da kashe ta, sai a 1989 aka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES.

Gwanintar kwaikwayo

Abin da ya ɗaukaka seluloyid shi ne iya shiga rigar wani. Idan ana son ya zama haure, sai a jera siraran shafuka masu launin fari da na madara ɗaya bisa ɗaya, a matse su su zama dunƙule, sannan a yanka dunƙulen ta gefe. Sai ga layuka siri-siri sun fito kamar jijiyar haure. Idan ɓawon kunkuru ake so, a cuɗa ruwan zuma da ruwan ƙasa mai duhu. Ana yin na murjani, na ambar, na marmara, na bawon kawa mai sheƙi. Masu talla kuma suka zo da sunaye masu jan hankali irin su French Ivory da Ivorine, ko da kayan bai taɓa ganin Faransa ba, balle giwa.

A Amurka sunan da ya fi fice shi ne Pyralin na kamfanin Arlington, wanda DuPont ya saya a 1915. Samfurinsu mai suna DuBarry ya shiga gidaje ba adadi. Dabarar cinikin ita ce ba dole a sayi jerin gaba ɗaya ba. Yarinya ta samu madubi da buroshi da mataji a matsayin kyautar kammala makaranta, baɗi goggo ta ƙara mata gwangwanin hoda, ranar aure miji ya cike sauran. Ana sassaƙa harafin farko na sunanta a bayan kowane ɗaya. Wanda ya san yadda uwa a ƙasar Hausa ke tara wa 'yarta kwanuka da tasoshi tun tana ƙarama, har ranar da za a yi mata jere, ya san abin da wannan teburi yake nufi ga mai shi. Kundin tallan kamfanin Sears Roebuck, da ake aikawa ta gidan waya, ya kai irin waɗannan kaya har ƙauyukan manoma da ke nesa da kowane babban kanti.

A nan ne nake ganin darajar farko ta waɗannan kaya. Tarihin ado yawanci na sarakuna da attajirai ne, domin kayansu ne ake adanawa. Jerin seluloyid kuwa na malamar makaranta ne, da mai buga tafireta a ofis, da matar ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi ne karo na farko da mace mai ƙaramin ƙarfi ta samu kayan kwalliya masu zubi ɗaya da na matar mai masana'anta, ta jera su a ɗakinta tana kallo tana jin daɗi. Masu kuɗin zamanin sun raina su, sun kira su jabu. Yau kuwa su ne shaidar da ta rage ta yadda miliyoyin mata suka yi rayuwarsu ta yau da kullum.

Garuruwa biyu na mataji

Garin Leominster a jihar Massachusetts tun shekarun 1770 yake yin mataji da ƙahon shanu, har ake masa kirari da birnin mataji. Da seluloyid ya zo sai masana'antun garin suka rungume shi. Babban cikinsu shi ne Viscoloid, da aka kafa a 1901, wanda shi ma DuPont ya haɗiye a 1925. Ba matajin taje kai kawai suke yi ba. Babbar kasuwarsu ita ce matajin ado, wanda mace ke sokewa a ƙullin gashinta ya tsaya kamar kambi.

Sai almakashi ya yi musu ɓarna. Wajen 1915 fitacciyar 'yar rawa Irene Castle ta rage gashinta zuwa daidai kunne, 'yan mata suka bi sahu, zuwa shekarun 1920 gajeren gashi ya zama ruwan dare. Macen da ba ta da ƙullin gashi me za ta yi da matajin sokewa? Me za ta yi da ma'ajiyar gashi? Masana'antu da dama a Leominster suka rufe. Waɗanda suka tsira sun sauya sana'a ne. Sam Foster, wanda ya kafa Foster Grant a 1919 don yin kayan gashi, ya koma yin tabarau na rana, ya fara sayar da su a 1929 a kantin Woolworth na Atlantic City. Haka ƙugiyar maɓalli ta mutu da aka daina dogon takalmi mai maɓallai, mazubin allura ya bi bayan manyan huluna. Shi ya sa masu tara kayan ke iya ƙiyasta shekarun jeri daga abin da ke cikinsa: in da ma'ajiyar gashi da ƙugiya, to ya tsufa. In babu su, amma ga kayan gyaran farce da yawa, to na baya ne.

Ɗaya garin shi ne Oyonnax, a cikin duwatsun Jura na gabashin Faransa. Mutanensa sun fara da sassaƙa mataji da itace, suka koma ƙaho, sannan seluloyid a ƙarshen shekarun 1870. A 1905 aka gina musu wani katafaren gini da ake kira La Grande Vapeur, inda mai sana'a ke hayar ɗan ɗaki da wutar juya injinsa, yana aikin kansa. An tsara ginin da tunanin gobara, har da ma'ajiyar ruwa a kan rufinsa. Garin yana da gidan tarihin mataji da sana'ar roba, kuma har gobe yankin cibiyar masana'antar roba ce a Faransa.

A Oyonnax ne abin ya tashi daga kwaikwayo ya zama fasaha mai cin gashin kanta. Sunan da masu tara kaya ke ambata da girmamawa shi ne Auguste Bonaz. Shi da matarsa Marguerite, wadda ta riƙe gidan bayan rasuwarsa a 1922, sun daina tambayar yadda roba za ta yi kama da haure, suka koma tambayar abin da roba za ta iya wanda haure ba zai iya ba. Amsar ita ce launi da siffa. Baƙi wuluk kusa da ja jawur, kore shar, zane mai kusurwa da da'ira, mataji mai faɗi kamar mafici amma marar nauyi a ka. Matajin da ke ɗauke da sa hannun Bonaz yau abin nema ne, kuma a ganina ya cancanta. Jerin farin seluloyid mai kwaikwayon haure yana da daɗin tarihi, amma kyan gaske ya fara ne ranar da robar ta yarda ta fito da fuskarta.

Madara, kwal da launuka

Seluloyid bai daɗe shi kaɗai a fage ba. A 1897 Wilhelm Krische da Adolf Spitteler a Jamus suka samar da Galalith daga sinadarin da ke daskarewa a cikin madara, wanda ake taurarawa da fomalin. Yana shan rini da kyau, yana sheƙi in an goge, ba ya kama wuta kamar seluloyid. A Ingila an yi shi da sunan Erinoid a garin Stroud. Maɓallai da ƙotocin buroshi da kayan wuya da yawa na wancan zamani da shi aka yi.

A 1907 Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam mazaunin Yonkers kusa da Niyok, ya haɗa Bakelite daga fenol, wanda ake samu a kwaltar kwal, da fomalin. Wannan ce roba ta farko da ba a ɗauko tushenta daga tsiro ko dabba ba. Da ta daskare ba ta sake narkewa. Aibinta a wajen kwalliya shi ne duhu, domin yawanci baƙa ce ko ruwan ƙasa, shi ya sa ta fi yawa a rediyo da tarho da kwalin reza na maza. Bayan wa'adin rajistar Baekeland ya ƙare a 1927 sai aka samu danginta masu haske irin su Catalin. A Ingila kuma aka fito da wata mai suna Beetle a tsakiyar shekarun 1920, wadda ke ba da launuka masu sanyi: ruwan hoda, shuɗi mai haske, kore mai ratsin marmara.

Wannan ya zo daidai da sabon salon zane. An buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, duniya ta rikice da zanen Masar. A 1925 aka yi baje kolin fasahar ado a Faris, wanda daga sunansa aka samo Art Deco. Madubin hannu da a da yake zagaye mai furanni ya koma mai kusurwa takwas da doguwar ƙota. Gwangwanin hoda ya samu matakala kamar dogayen benayen Niyok. Kamfanin turare na Bourjois ya riƙa sa ƙananan kwalaben turarensa Evening in Paris a cikin gidajen roba masu siffar mujiya, ko hasumiyar Eiffel, ko ƙofar ɗakin otal. Kyautar araha ce a lokacin, yanzu kuwa akwai mutanen da ba sa tara komai sai su.

Abin da masu saye ke dubawa

Farin jeri marar ado ba ya tsada, domin an yi shi da ɗimbin yawa. Abin da ke ɗaga farashi shi ne cikar jeri, musamman in yana cikin akwatinsa na asali mai shimfiɗar siliki, sai launi da ba a cika gani ba, sai tambarin maƙeri. A bayan ƙota ko a gindin gwangwani akan ga Pyralin, Amerith, Xylonite ko Halex, sunan da kamfanin British Xylonite ya yi amfani da shi a kan buroshi da mataji.

Rarrabe haure da seluloyid ba shi da wuya ga wanda ya saba. Haure yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma a inda aka yanke shi a kwance akan ga layuka suna gicciye juna kamar saƙar raga. Layukan seluloyid a miƙe suke, a jere, sun cika daidaito. Hanci ma yana aiki: in an murza seluloyid da yatsa ya ɗumama yakan ba da ƙamshin kafur, Bakelite na ba da warin magani irin na asibiti, Galalith kuma in ya ji ɗumi da laima yana warin ƙonanniyar madara. Wannan sani ya ƙara muhimmanci tun da dokar haure ta Birtaniya ta fara aiki a 2022, wadda ta hana cinikin kusan duk kayan haure, har da tsofaffi.

Akwai gwajin da wasu ke yi na soka zazzafar allura. Kada a yi shi. Ko abin bai kama wuta ba an ɓata shi, in kuwa seluloyid ne yana iya tashi ɓal a hannu. Dangin audugar bindiga ne. A zamaninsa jaridu sun sha kawo labarin matajin da ya kama wuta a kan mace don ta matsa kusa da murhu ko fitila. Da irin wannan sinadari aka yi fim na farko, kuma faifan hoton ƙashi da aka yi da shi ne ya haddasa gobarar asibitin Cleveland Clinic a 1929, inda mutum 123 suka mutu, yawancinsu saboda hayaƙi mai guba. Birtaniya ta kafa doka ta musamman a 1922 kan yadda za a ajiye seluloyid da fim.

Ciwon da ba shi da magani

Mun saba jin cewa roba ba ta ruɓewa, tana shekaru aru-aru a ƙasa. Seluloyid bai san wannan magana ba. Kafur ɗin da ke cikinsa yana fita sannu a hankali, abin ya bushe ya yi rauni. Zafi da laima da hasken rana suna warware sinadarinsa, ya fara fitar da iska mai asid. Da farko launi ya yi duhu, sai ƙananan tsaga su bayyana a ciki kamar fasasshen gilashi, sai ya fara gumi mai danƙo, ƙarfen da ke jikinsa ya yi tsatsa, daga nan ya marmashe. Abin da ya fi tayar da hankalin ma'aikatan gidajen tarihi shi ne ciwon yana yaɗuwa. Mataji ɗaya da ya kamu yana iya lalata duk abin da ke akwati ɗaya da shi, har da takarda da yadin da aka naɗe shi. Da ya fara babu mai mayar da shi, sai dai a ware shi a rage masa gudu. Robar da aka kawo daga baya don ta maye gurbinsa saboda ba ta kama wuta, wato asitet, ita ma tana da nata ciwon: tana lanƙwashewa tana warin tsami irin na binega.

Saboda haka masu adana waɗannan kaya tsere suke yi da lokaci. Gidan tarihi na Victoria da Albert da Gidan Tarihin Kimiyya, duka a Landan, suna riƙe da samfura tun daga na Parkes. A Bournemouth akwai gidan tarihi na zanen kayan roba a jami'ar fasaha ta garin. An kafa ƙungiyar tarihin roba ta Birtaniya a 1986. Cibiyar roba ta Amurka da ke Leominster ta rufe a 2008, aka kwashe kayanta zuwa Jami'ar Syracuse. Akwai takaici a cikin wannan: garin da ya yi wa Amurka mataji fiye da shekara ɗari bai iya riƙe ma'ajiyar tarihinsa ba.

Tsohuwar roba ba a Turai kaɗai ta tsaya ba. Manyan duwatsun wuya masu launin zuma da ake samu a kasuwannin Afirka ta Yamma da sunan ambar, da yawansu robar dangin Bakelite ce da aka ƙera a Turai aka kawo, kuma masu tara tsakiya suna sayen su da saninsu. Haka tsofaffin carbi na irin wannan roba suna da masu nema a Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Don haka ba abin mamaki ba ne a ci karo da irin waɗannan a cikin adakar kaka.

Wanda ya gaji tsohon mataji, madubi, gwangwanin hoda ko carbi da yake zaton na wancan zamani ne, ya nisanta shi da rana da wuta. Kada ya ƙulle shi a leda ko a kwalba mai murfi, domin iskar da yake fitarwa ce za ta cinye shi. Ya ajiye shi a wuri mai sanyi da iska ke ratsawa, nesa da ƙarfe da tufafi, ya goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ba da turare ko kananzir ba. In ya ga ɗaya ya fara tsagewa ko gumi, ya raba shi da sauran nan take. Idan kuma mai kayan tana raye, ya tambaye ta inda ta samo shi da shekarar da aka ba ta, ya rubuta a takarda ya adana.